In za a rufe wa mutum intanet, a rufe yana gani

Sana'ata gyaran kwamfuta da buga takardu, kuma a 'yan shekarun nan akwai wata buƙata da take yawan shigo mini shago wadda a da ban saba jin ta ba. Mutum zai shigo da laftof a hammata, ya ajiye a kan tebur, ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya ya ce, "Malam, so nake ka cire wa wane intanet a cikin wannan, amma ka bar wa sauran." Wanen nan wani lokaci ɗa ne, wani lokaci ƙanwa, wani lokaci yaron shago. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, mutum huɗu ko biyar suke hawa kanta, kuma babba ya yanke cewa ɗaya daga cikinsu ya isa haka.

Ba na ƙin wannan aiki. Hasali ma ina ganin ya fi abin da yawancin gidaje suke yi, wato a fusata da mutum ɗaya, a zare na'urar wayifai a kulle a durowa, kowa ya rasa. Amma ina da sharaɗi, kuma saboda shi na sha rasa ciniki: wanda za a rufe wa ya sani, a faɗa masa dalili, a kuma sa ranar da za a sake duba maganar. In aka ce sai dai in yi a ɓoye, nakan mayar wa mai kaya kayansa.

Wata Asabar da hantsi wani Alhaji ya zo da ɗansa mai shekara 14. Yaron ne ya ɗauko kwamfutar, ya rungume ta a ƙirji, kansa a sunkuye. Alhaji bai zauna ba ya fara: data ta wata guda yake saya, ba ta kwana goma. Ban yi mamakin zafinsa ba, domin tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, magidanta suka fara lissafin data kamar yadda suke lissafin kwanon shinkafa. Ya juya ga yaron ya ce, "Kai, gaya wa Malam abin da kake kallo da dare." Yaron ya ce, "Wallahi Baba ba ni kaɗai ba ne." Idonsa ya riga ya kawo ruwa.

Na ce su ɗan ba ni minti biyu. A cikin saitin kwamfutar akwai shafin da yake nuna datar da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce. Na buɗe, na juya musu fuskar allon. Abin da yake saman jerin ba burauza ba ne, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba kuma wasa ba ne. Kwamfutar ce da kanta take sauko da sabuntawar manhajojinta a duk lokacin da ta ga an haɗa ta da wayifai, saboda ba wanda ya taɓa gaya mata cewa datar gidan awo ake yi mata. Akwai maɓalli ɗaya da ake kunnawa don ta san layin nan na awo ne, ta rage wannan ɗiba. Na kunna. Wata uku ke nan ana dukan taiki, jaki yana gefe yana kiwo.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya jawo kujera ya zauna. Sai a lokacin ainihin maganar ta fito. Yaron yana kaiwa ƙarfe biyun dare a gaban allo, asuba sai an yi da gaske yake tashi, malaminsu ya aiko cewa yana gyangyaɗi a aji. Wannan kam dalili ne, kuma yaron bai musa ba. Na ce to Alhaji, yanzu mun san abin da muke magani.

Abu na farko da na tarar shi ne abin da nake tararwa a kusan kowace kwamfutar gida da aka kawo mini. Duk 'yan gidan da akawun ɗaya suke shiga, babu kalmar sirri, kuma akawun ɗin na mai cikakken iko ne, wanda zai iya sa manhaja, ya cire, ya sauya kowane saiti. A irin wannan hali ba yadda za a yi a ware mutum ɗaya, domin a wajen kwamfutar duk mutum ɗaya ne. Na'urar wayifai ma ba za ta taimaka ba. Ita na'urori take ganewa, kowace da lambar da aka ƙera ta da ita. Za ta iya hana waya kaza ko laftof kaza shiga, amma ba ta san ko Hajiya ce zaune a gaban laftof ɗin ko autanta ba. Mutane da yawa suna zuwa da tunanin a can za a yi gyaran, sai na yi musu wannan bayani.

Gyaran a cikin kwamfutar yake. Kowa a buɗe masa akawun nasa da kalmar sirrinsa, babba ɗaya ya riƙe mai cikakken iko, sauran a ba su na talakawa, wanda ba ya iya taɓa saitin na'ura. Daga nan hanyoyi suka rabu. A Windows, kamfanin Microsoft ya fara sa kulawar iyaye a cikin tsarin tun Windows Vista a 2007, yanzu kuma ana kiran abin Family Safety. Da shi uba ko uwa za su iya sa sa'o'in da akawun ɗin yaro zai buɗu, su toshe wasu shafuka, ko su ce ba shafin da zai buɗu sai waɗanda suka rubuta da hannunsu. Tace shafukan a burauzar Edge yake aiki, shi ya sa yake hana sauran burauzoji buɗewa a akawun ɗin yaron. Kwamfutocin Apple suna da nasu mai suna Screen Time. A Linux kuwa, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ɗaliban kimiyyar kwamfuta suka fi sani, layi ɗaya na umarni a iptables, manhajar da take tsaron shige da ficen intanet, ya isa: a ce duk abin da zai fita zuwa intanet daga akawun mai lamba kaza a tare shi. Mai akawun ɗin zai yi rubutu, ya karanta littattafan da aka sauke, ya buga takarda, amma ba zai leƙa waje ba. Wanda ya shiga bayansa da nasa akawun kuwa ƙofa a buɗe take.

Wa yaron Alhaji sa'o'i muka sa. Daga dawowarsa Islamiyya zuwa ƙarfe 9 na dare a ranakun makaranta, Asabar da Lahadi a ƙara masa na safe. Yana tsaye aka yi komai. Da na zo kan ƙarfe 9 ya ce, "Baba, ran da ake ƙwallon dare fa?" Alhaji ya ce wannan a falo za a kalla tare. Aka tsayar cewa in sakamakon jarrabawar ƙarshen zango ya fito za a sake zama.

Dalilin da ya sa nake fifita wannan a kan kulle wayifai a durowa ba wani mai nisa ba ne. A gidan Alhajin nan akwai yayar yaron da take shirin JAMB, kuma tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake rubuta ta. Yarinyar da ba ta saba da linzami da allo ba ta shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu. Akwai Hajiya da take sayar da atamfa da turaren wuta, hotunan kayanta ta nan take turawa. In aka rufe wa kowa saboda ɗan shekara 14 ba ya barci, an hukunta mutum uku da ba su yi komai ba. Mu a arewa mun ɗanɗana irin wannan a babban mataki. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara don a daƙile 'yan bindiga, daga baya wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi. Ba ina haɗa nauyin matsalar tsaro da rigimar cikin gida ba ne. Amma duk wanda yake da ɗan'uwa a Gusau a lokacin ya san waɗanda suka fi jin jiki: masu POS da sana'arsu ta tsaya cak, 'yan kasuwa, ɗalibai, masu mara lafiya da sai sun yi doguwar tafiya kafin su samu inda za su kira waya. Hukuncin gama-gari a kan marar laifi yake fara sauka. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma ban ga dalilin da zai sa wannan ƙa'ida ta tsaya a ƙofar gida ba.

To me ya sa na dage sai an gaya wa mutum? Wani abokin sana'ata yakan ce mini ina wahalar da kaina. A ganinsa uba ba ya neman izinin ɗansa, kuma in ka sanar da yaro ka rufe, ka ba shi sanarwar ya fara neman hanyar tsallakewa ke nan. Gara ya zaci na'urar ce ta lalace.

Rabin maganarsa gaskiya ne. Uba ba ya neman izini, ni ma ban ce a nema ba. Sanarwa daban, neman izini daban. Amma ɗaya rabin bai zauna mini ba, kuma aikin hannuna ne ya koya mini haka. Babu makullin da na sani a kwamfuta wanda yaro mai naci ba zai iya zagayewa ba. Tsohuwar dabarar nan ta sa wa akawun adireshin firokzi na bogi, wato a nuna wa burauza wata ƙofar fita intanet da babu ita don ta kasa fita, yaron da ya yi bincike na minti goma a wayar abokinsa zai warware ta. Wanda ya ɗan fi shi wayo zai sa wani tsarin tafiyar da kwamfuta a filashi ya tayar da kwamfutar daga can, duk akawun da makullansu suna kwance ba su san an wuce ba, sai fa in an kulle wannan ƙofar ma da kalmar sirri tun daga tushen na'ura. Wanda bai iya ko ɗaya ba zai leƙa yatsun Hajiya lokacin da take shigar da tata kalmar sirrin, wadda sau da yawa shekarar haihuwar ɗan fari ce. In duk ya gagara, akwai wayar aboki, akwai kafe. Ƙasa guda ma ta gwada ta gani: daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, kuma a watannin nan bakwai mutanen da ba su taɓa jin kalmar VPN ba suka koyi sa wannan manhaja ta zagaye toshewa a wayoyinsu.

Ke nan makullin ba shi ne yake riƙe yaron ba. Abin da makulli yake yi shi ne ya sa tsallakewa ta zama aiki da gangan, ba zamewa ba. Yaron da aka zaunar aka ce masa ƙarfe 9 ne iyaka saboda barcinka da sallarka, in ya tsallake ya san ya saɓa wa mahaifinsa, kuma wannan sanin yana da nauyi a zuciyar ɗan da aka yi wa tarbiyya. Yaron da aka yi wa a ɓoye kuwa, a wajensa matsalar na'ura ce kawai, kuma gyara matsalar na'ura ba laifi ba ne. Ran da ya gano cewa da gangan aka yi, aka kuma bar shi yana ta fama yana tambaya ana ce masa ba a sani ba, abin da ya koya shi ne a gidan nan manya suna ƙarya in ta kama. Wannan darasi ya fi duk abin da ake gudun ya gani a intanet daɗewa a ransa.

Akwai kuma waɗanda suke ɗaya gefen, galibi matasa masu ilimin zamani, da suke cewa kada a rufe wa kowa komai, a bar yaro ya koyi kame kansa. Ina girmama niyyarsu, amma ban yarda ba. Shafukan bidiyo da na wasanni da na cacar ƙwallo ƙwararru ne suka zauna suka tsara su don kada mai kallo ya tashi. Babba mai iyali ma yana shan kaye a hannunsu, balle ɗan shekara 12. A ce a bar shi shi kaɗai da su da sunan 'yanci, sakaci ne aka sa wa riga. Ƙasar Ostireliya, wadda ba wanda zai zarge ta da tsattsauran ra'ayin addini, ta yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar akawun a manyan shafukan sada zumunta. Ko mutum ya yarda da dokar ko bai yarda ba, ta nuna cewa damuwar iyayenmu ba ƙauyanci ba ne. Hadisin nan da kowa ya sani ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma za a tambaye mu abin da aka ba mu kiwo.

A wurin aiki maganar ta fi sauƙi. Kwamfutar shago ta mai shago ce, datar shi ya saya, in ya ce akawun ɗin yaron da yake buga takardu ba ya buƙatar intanet, hakkinsa ne. Ya dai faɗa tun ranar ɗaukar aiki.

Inda abin yake yi mini nauyi shi ne idan wanda za a rufe wa ba yaro ba ne, kuma idan rufewar ta zo da leƙen asiri. Waɗannan manhajoji ba toshewa kaɗai suke yi ba. Family Safety yana iya aika wa iyaye rahoton mako na shafukan da aka shiga da abin da aka bincika. Ga ƙaramin yaro da ya san ana gani, ban ga aibu ba, tamkar a ce ya yi karatunsa a tsakar gida ne ba a ƙuryar ɗaki ba. Amma akwai wasu manhajojin da suke ɓuya a cikin na'ura suna naɗe duk harafin da aka danna, har da kalmomin sirri da saƙonni. Waɗannan ba na sa su, ko nawa za a biya. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da lafazi a sarari, kuma ba ta ce ban da 'yan gidanku ba.

Kuma a faɗi gaskiya, a cikin masu zuwa mini da wannan buƙata, idan aka sassauta murya sosai, yawanci mace ce za a rufe wa. Namiji ana kawo shi gaba da gaba, a yi masa faɗa a gabana, a sa masa sa'o'i. Mace kuwa ba a zuwa da ita. Ba a cewa ta yi kaza, sai dai a ce "ka san halin yaran yanzu." Sau da yawa ɗan'uwanta da yake kwana a shafukan caca yana nan da akawun mai cikakken iko, har shi ake ba wa riƙon makullin. Muna kuka cewa 'ya'yanmu mata sun yi ƙaranci a fannin likitanci da kimiyya, muna son likita mace ta duba matanmu, sannan mu ɗauki hanyar da karatun yau yake bi mu toshe wa wadda ta kama hanyar zama likitar. Rijistar kwasa-kwasai, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako, takardun da malamai suke turawa, duk ta nan suke zuwa. In akwai abin da aka gani a tare da ita, a kira ta a faɗa mata, kamar yadda ake yi wa namiji. In ba a ga komai ba, zato ne kawai, kuma ayar da ta hana leƙen asiri da gargaɗi a kan zato ta fara.

Kwanakin baya wani saurayi, bai fi shekara 25 ba, ya shigo da laftof mai ɗauke da sitika ta furanni a bayanta. Tun daga sitikar na san ba tasa ba ce shi kaɗai. Ya ce mahaifinsu ne ya saya musu su uku, amma ƙanwarsa ce ta fi amfani da ita, tana aji biyu a jami'a. Yana so in rufe mata intanet a akawunta yadda za ta zaci lalacewa ce, in kuma sa masa abin da zai riƙa ganin saƙonninta.

Na ce, "Me ta yi?"

Ya ce ba ta yi komai ba tukuna, rigakafi ne. Yana ganin tana yawan murmushi in tana dannawa.

Na ce, "Baba ya sani?"

Ya ce ba sai ya sani ba, shi ne babba a ɗakinsu.

Na ce masa, "Ɗan'uwa, kishin ƙanwarka abu ne mai kyau, Allah ya ba ka lada. Amma ga abin da zan iya. Ka zo da ita, ko ka zo da Baba, a zauna a nan. In an yarda a sa sa'o'i, zan sa wa duk ku ukun, kai ma har da kai, kuma ba zan karɓi ko sisi ba. Na ɓoye kuwa ba zan yi ba."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi da kuɗinsa ya zo, kuma ba ni kaɗai ne mai gyara a layin nan ba. Gaskiya ya faɗa, akwai shaguna uku kafin a kai bakin titi. Ya naɗe wayar caja a hannunsa, ya mayar da kwamfutar jaka. Yana bakin ƙofa ya juyo ya ce dama sauri yake, so yake a gama kafin ta dawo, domin ta ce ranar Litinin tana da aikin makaranta da za ta tura wa malaminsu kafin ƙarfe 12 na dare.